Shekarun Bayan Ƙarfi: Darasi Daga Ƙauyukan Hausawa na Jazira

Karatu: 2 Sama'ila 19:31-40, Zabura 90:1-12, 1 Timoti 5:3-16

Darasinmu a kan tsufa yake, da abin da tsufa yake ci. Mutane da yawa ba sa son wannan zance. Matashi yana ganin da sauran lokaci. Dattijo kuwa yana jin kunya a ce yana lissafin abin da zai ci baɗi, kamar dai bai dogara ga Allah ba. Amma a Zabura ta 90 Musa bawan Allah ya roƙa a koya wa mutane su riƙa ƙidaya kwanakinsu. Ƙidaya kuwa lissafi ce.

Domin mu ga al'amarin sosai, bari mu bar gida mu yi nisa kaɗan. Za mu je ƙasar Sudan, wurin Hausawan da suke zaune a ƙauyukan Jazira da bakin kogin Shuɗin Nilu, wanda mutanen can suke kira Nil Azrak. Kusan dukansu Musulmi ne. Harshenmu ɗaya da su, kakanninsu daga Sakkwato da Kano da Katsina da Damagaram suka tashi, kuma abin da ya sami tsofaffinsu a shekarun nan zai iya buɗe mana ido.

Tun kafin zuwan mota da jirgin sama, hanyar hajji ta ƙasa take bi: Borno, Wadai, Darfur, Kordofan, sai kogin Nilu, sai Bahar Maliya. Talaka yakan yi shekaru a kan wannan hanya, yana tsayawa ya yi ƙodago ya tara guzuri, sa'an nan ya ƙara gaba. A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, a watan Yuli na shekarar kuwa aka kashe shi a yaƙin Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ci gaba da sauran mutanen har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wajen 1906. Garin da suka kafa shi ake kira Mai Wurno.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman ban ruwa na Jazira, wato ƙasar da take tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu a kudancin Kartum. Auduga ake nema domin masaƙun Ingila. Da aka ƙara yankin Manakil daga ƙarshen shekarun 1950, filin ya kai kimanin feddan miliyan 2, sama da hekta 800,000 ke nan. An yanka ƙasar gona-gona, kowace ana ce mata hawasha, aka rubuta sunan wanda aka ba shi. Waɗansu daga cikin mutanen yamma sun samu, musamman da farko, amma mafi yawansu ba su samu ba. Su ne suka zama masu tsinkar auduga, da masu noma, da masu gyaran hanyoyin ruwa, ko kuwa su noma gonar wani a raba amfani da shi. Da yawa suka zauna a ƙananan unguwanni a gefen magudanai, tare da mutanen Darfur da na Kordofan. Irin wannan unguwa ana ce mata kambo.

Ɗan'uwa, lura da wannan bambanci, gama a nan darasin ya fara. Mutum biyu sun yi shekara arba'in a gona ɗaya, rana ɗaya ta doke su. Ɗaya sunansa yana a takardar hawasha, ɗayan kuwa ƙarfinsa kaɗai yake sayarwa. Ranar da gwiwa ta ƙi, mai hawasha zai ba ɗansa gonar, ko ya ba wani ya noma su raba, yana zaune a inuwa rabonsa yana zuwa. Gonar ta zama fanshonsa. Ɗan ƙodagon fa? Abin da yake sayarwa shi ne ya ƙare. Akwai asusun fansho a Sudan, amma na masu albashi ne a gwamnati da kamfanonin da suka yi rajista. Wanda ake biya bisa ga nauyin audugar da ya tsinka ba ya cikinsa. Haka yake a wurinmu. An yi sabuwar dokar fansho a Nijeriya a 2004, a 2019 kuma aka buɗe ƙaramin tsari domin masu sana'ar kansu, amma duba cikin ikkilisiyarku ranar Lahadi ka ƙidaya mutum nawa ne za su taɓa karɓar fansho. Manomi da birkila da mai tuya ƙosai ba su da ranar ritaya. Jiki ne yake sallamarsu, ba ya kuwa ba da takardar gargaɗi.

Akwai wani abu kuma. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna cikin waɗannan Hausawa na Jazira, a 1995 ya buga littafi mai suna Permanent Pilgrims, wato matafiya hajjin da tafiyarsu ba ta ƙare ba. Ya tarar da mutanen da a can aka haife su, aka haifi iyayensu, amma har yanzu suna ɗaukar kansu a kan hanyar Makka suke, zango kawai suka yi. Saboda haka waɗansunsu ba su damu da gina gida mai ƙarfi ba. Kada mu yi musu dariya. Mu ma Littafi Mai Tsarki ya kira mu baƙi da matafiya a duniyan nan, da ma muna tunawa da haka kamar yadda suke tunawa. Sai dai matafiyi ma yakan tsufa a zango. Sa'ad da aka kwashe Yahudawa zuwa Babila, annabawan ƙarya suka ce musu komowa ta kusa. Irmiya kuwa, a sura ta 29, ya aika musu da wasiƙa cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu, domin zaman zai kai shekara 70. Bai ce su manta da Urushalima ba. Cewa ya yi su san tsawon zaman.

Shekara nawa ne zaman?

A nan mutane da yawa sukan ruɗe. Za ka ji a rediyo an ce tsawon ran ɗan Nijeriya shekara 54 ne ko kusa da haka, na ɗan Nijar kimanin 61, na ɗan Sudan kuwa, wanda a 1960 bai kai 50 ba, ya kai wajen 65 kafin yaƙin 2023. Sai mai shekara 50 ya ce, "To, ai na kusa gamawa, me zan tanada?" Ba haka lissafin yake ba. Wannan adadi matsakaici ne, ana haɗa kowa da kowa tun daga jariri. A ce an haifi yara biyu, ɗaya ya rasu yana da shekara 1, ɗayan ya kai 79. Matsakaicinsu 40 ne, amma ba wanda ya mutu a 40 a cikinsu. Mutuwar ƙananan yara ce take jan adadin ƙasa. Wanda ya tsallake ƙyanda da zazzaɓi da haɗarin haihuwa har ya kai 60, a ƙasashenmu na Afirka yakan ƙara kimanin shekara 15 ko fiye. Mata kuma sukan ɗara maza. Shekaru 70 ko 80 ɗin da Zabura ta 90 ta ambata ba su yi nisa da abin da masu ƙididdiga suke gani a yau ba.

Shekara 15 ba wasa ba ne. Yaron da aka haifa ranar da ka ajiye fartanya zai shiga babbar sakandare kana nan da rai, kana bukatar tuwo da sabulu da magani.

Ka tuna da Ishaku. A Farawa 27 idanunsa sun dushe, ya ga kamar mutuwa tana bakin ƙofa, ya kira Isuwa domin ya sa masa albarka tun bai tafi ba. Me ya faru? Yakubu ya gudu zuwa wurin Laban, ya yi shekara 20 a can, ya komo da mata da 'ya'ya da garkuna, ya kuwa tarar da mahaifinsa da rai. Farawa 35 ta ce Ishaku ya kai shekara 180. Mutumin da ya yi sallama da duniya ya ƙara shekaru masu yawa, ba ya gani, wani ne yake kai masa abinci. Mun saba yin wa'azi a kan mai arzikin nan na Luka 12, wanda ya yi shirin shekaru masu yawa aka karɓi ransa a daren. Gaskiya ne, gargaɗi ne mai nauyi. Amma labarin Ishaku ma a cikin Littafin yake, ba mu cika yin wa'azinsa ta wannan fuska ba.

Abu na biyu da lissafin yake ɓoyewa shi ne, tsawon rai dabam, tsawon lafiya dabam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 matsakaicin ran mutum a duniya ya kai shekara 73, amma shekarun da yakan yi da cikakkiyar lafiya ba su kai 64 ba. Tsakaninsu akwai kusan shekara goma, mafi yawansu a ƙarshe suke taruwa.

A Jazira wannan ya fito fili, domin aikin da ya ciyar da mutum shi ne yake aika masa da takardar bashi a tsufa. Ruwan magudanai ba ya gudu da sauri. Sauro yana hayayyafa a ciki, haka kuma ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Wanda yake tsayawa cikin ruwan yana ban ruwa, da matar da take wanki, da yaron da yake iyo, ƙwayar tana shiga ta fatarsu. Mu mun fi sanin tsargiya da fitsarin jini, amma irin da ta yi yawa a Jazira ta hanji ce. Takan zauna shekaru tana lalata hanta a hankali, saifa ta kumbura, wata rana magidanci ya kama aman jini. Matsalar ta yi tsanani har a 1979 aka buɗe wani shiri na musamman, Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu, wanda ya yi kimanin shekara goma yana yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da gudawa. Maganin tsargiya, farazikwantel, ƙwayoyi kaɗan ne masu araha in an sha da wuri. In hanta ta riga ta taurare, dukiyar gida duka ba za ta mayar da ita yadda take ba.

Akwai kuma wani ciwo da likitoci suke kira maisitoma, wanda ya yi yawa a Jazira da Sinnar. Ta hudar ƙaya yake shiga ƙafar mai tafiya ba takalmi. Da farko ɗan ƙullutu ne marar zafi, shi ya sa ba a kula da shi. Bayan shekaru sai ƙafa ta kumbura ta huhhuje, ciwon ya kai ga ƙashi, wani lokaci sai an yanke. An kafa cibiyar bincikensa a Soba, cikin Kartum, a 1991, yaƙi ya tsayar da aikinta a 2023. Dubi yadda kuɗin takalmi da ba a kashe ba a shekara 25 yake komawa kuɗin yanke ƙafa a shekara 50. Kai matashi mai karanta wannan, tanadin tsufanka na fari ba a banki yake ba, a jikinka yake. Gidan sauro, da takalmi a gona, da zuwa asibiti tun ciwo yana ƙarami, duka ajiya ce.

Bayan waɗannan sai cututtukan tsufa da muka sani ko'ina: hawan jini, ciwon suga, yanar ido, ciwon gwiwa da baya, ciwon ƙoda. Ya kamata iyali su bambanta iri biyu a cikinsu. Akwai wanda ake biya sau ɗaya a huta. Yanar ido haka take, aiki ne na ɗan lokaci, tsohon da aka zaunar a ɗaki ya tashi ya koma kasuwa. Abin baƙin ciki ne a bar uwa cikin duhu shekara biyar ana cewa tsufa ne, alhali kuwa kuɗin ɗan akuya biyu ko uku zai buɗe mata ido. Akwai kuma wanda yake cin kuɗi kowane wata har ƙarshen rai. Maganin hawan jini da na suga ba a gama shansu. Wanda ya sha na wata biyu ya ji sauƙi ya daina, shi ne sau da yawa yakan faɗi da shanyewar ɓarin jiki, daga nan kuma sai an sami mai ɗaga shi da mai juya shi dare da rana. A Sudan kafin yaƙi, kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fita, ko da yake tun 1995 aka fara inshorar lafiya ta ƙasa, a jihar Sinnar ma aka fara ta. A Nijeriya abin da yake fita daga aljihu ya fi haka.

Barzillai ya san inda ya kai

Yanzu mu koma ga karatunmu. Barzillai mutumin Rogelim ne a ƙasar Gileyad, attajiri ne ƙwarai. Sa'ad da Dawuda ya gudu daga Absalom ya isa Mahanayim, Barzillai yana cikin waɗanda suka kawo masa shimfiɗu da tukwane da hatsi da zuma da tumaki. Da aka gama tawayen, sarki ya ce ya zo Urushalima ya zauna a fāda, shi zai riƙe shi. Barzillai ya ƙi. Ya ce shekarunsa 80, bakinsa ba ya rarrabe ɗanɗanon abinci, kunnensa ba ya jin muryar mawaƙa, zai zama kaya ne kawai a wuyan sarki. Ya roƙa a bar shi ya koma garinsu ya mutu kusa da kabarin iyayensa, a ba Kimham gurbin da aka yi masa tayi.

Wannan dattijo bai yi ƙaryar ƙarfi ba. Bai kuma yi kukan tsufa ba. Ya duba jikinsa ya faɗi gaskiya, ya yi amfani da dukiyarsa a lokacin da take da amfani, ya buɗe wa na baya ƙofa tun yana da bakin magana. Kalibu kuwa a shekara 85 ya ce ƙarfinsa yana nan kamar dā, ya roƙi Joshuwa ya ba shi ƙasar tuddai ta Hebron. Dukansu biyu masu aminci ne, jikinsu ne ba ɗaya ba. Kuskure ne mu yi shiri kamar dukanmu Kalibu ne.

In ka lura da tsofaffin ƙauye, a Jazira ko a Zonkwa ko a Maraɗi, za ka ga shekarun bayan ƙarfi ba iri ɗaya suke tafiya ba. Da farko mutum yana iya aiki, sai dai ya rage. Ya bar babbar gona ya koma lambun bakin kogi, ko ya bar shiga jirgin su ya koma gyaran taru, gama Hausawan Shuɗin Nilu sun yi suna a kamun kifi da noman bakin ruwa. A wannan lokaci ne kuɗi yake fita da yawa, domin a lokacin ake aurar da 'ya'ya, ake gyara gida, mai niyyar hajji yake so ya cika burinsa. Daga baya tafiye-tafiye su ragu, ci ya ragu, sutura biyu ta isa. Tsoho yana tufka igiya a ƙofar gida, tsohuwa tana ɓarar gyaɗa tana duba jikoki, har a ga kamar riƙonsu ba shi da tsada. Wannan sauƙi shi yake ruɗin iyali. Gama a bayansa akwai lokaci na uku, na magani da kuɗin mota zuwa asibitin birni da kwanciya. A lokacin ne kuma wata 'ya ko suruka za ta bar sana'arta ta zauna jinya. Ba mai rubuta wannan hasara a takarda, amma gidan yana jinta.

Yawancinmu mukan cinye rabon lokaci na uku tun a lokaci na fari. Ma'aikaci ya karɓi kuɗin sallama, a cikin shekara ɗaya an yi biki na gani na faɗa, an sayi motar haya da ba shi zai tuƙa ba, 'yan'uwa sun yi layi da bukatunsu. Manomi ya sayar da gona domin ɗa ya tafi birni. Taimakon 'ya'ya ba laifi ba ne, Bulus ma ya ce iyaye ne suke tanada wa 'ya'ya. Amma uban da ya sayar da gonarsa ta ƙarshe bai rage wa 'ya'yansa kaya ba, jinkirta musu shi kawai ya yi.

To, a ina za a ajiye?

Tsofaffin Sudan sun ga amsar wannan tambaya da idonsu, amsar kuwa mai ɗaci ce. Wanda ya ajiye kuɗi, hauhawar farashi ta cinye. A watan Fabrairu na 2021 gwamnati ta mayar da farashin dala na hukuma daga fam 55 zuwa kimanin 375, domin ya yi daidai da na kasuwa. A watan Yuli na shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 400 cikin ɗari, wato abin da ka saya fam 100 bara ya koma sama da 500. A 2024 dala ɗaya ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Mai fansho ma bai tsira ba, takardar tana zuwa amma ba ta sayen abin da take saye. A watan Disamba na 2024 kuma aka canja takardun fam 500 da 1,000, abin da zai tuna wa mutanen Nijeriya wahalar canjin naira a farkon 2023.

Wanda ya ajiye a ƙasa da dabba da hatsi fa? A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da waɗansu maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, a wajen Rusairis da Damazin, ya sake tashi a watan Oktoba a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubban iyalai suka bar gidajensu. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Da farko jihar Jazira ce mafaka, ta karɓi kusan mutum rabin miliyan da suka gudo. A watan Disamba na 2023 RSF ta kama Wad Madani, a tsakiyar 2024 ta kama Sinja, babban birnin jihar Sinnar. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani kuma a Janairu 2025, a lokacin ne kuma aka kai wa waɗansu kambo hari bisa zargin sun goyi bayan wancan ɓangare. A tsakanin nan an kwashe hatsi a rumbuna, an kore dabbobi, an wawashe asibitoci. Mai ƙafa ya gudu. Tsohon da ba ya iya tafiya, ko dai a ɗauke shi a amalanke, ko a bar shi. Masu wankin ƙoda, da masu allurar suga wadda sai an ajiye ta a wuri mai sanyi, da yawa ba harsashi ne ya kashe su ba.

Me ya rage a hannun mutane? Sana'ar da take cikin hannu ta bi mai ita duk inda ya je. Mai gasa tsire, wanda a Sudan ake kira agashe, sana'ar da aka san Hausawa da ita, yana iya hura wuta a kowane gari. Ɗa ko 'ya da suke aiki a Saudiyya sun riƙa aiko da kuɗi ta wayar hannu, ta manhajar Bankak. Sai kuma maƙwabta. A unguwanni da yawa mutane suka kafa tukunyar taro, wadda suke kira takiyya, kowa ya kawo abin da yake da shi a dafa a raba. Dama can suna da adashi, wanda suke kira sanduk, da gayya, wadda suke kira nafir. Wannan ba ya nufin kada a ajiye kuɗi ko kada a sayi gona. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai, da shi kuma ya ciyar da tsohon mahaifinsa a Goshen. Abin lura shi ne, kowace ajiya tana da ɓarawonta, saboda haka ba a zuba duka a wuri ɗaya. Wanda kuma ya tara dukiya ya ɓata da 'ya'yansa da maƙwabtansa ya bar ajiyar da ta fi daɗewa.

Manzo Bulus bai bar wannan al'amari ga jin tausayi kawai ba, ya tsara shi. A 1 Timoti 5 ya ɗora nauyin a kan 'ya'ya da jikoki tukuna, ya ce sāka wa iyaye ne, ya kuma yi magana mai zafi a kan mai bi da ya ƙi kula da mutanen gidansa. A Markus 7 Ubangiji Yesu ya tsauta wa waɗanda suke cewa abin da za su ba iyayensu sun riga sun keɓe wa Allah. Ɗan'uwa, in sunanka yana fita a kowane taron neman gudummawa, mahaifiyarka kuwa ta yi wata biyu ba maganin hawan jini, wannan sura da kai take magana. 'Yan'uwa su zauna su raba nauyin a fili: wane ne zai sayi magani, wane ne zai aiko da hatsi, me za a ba wadda ta bar sana'arta tana jinya. In ba a faɗa ba, a kan mutum ɗaya yake faɗuwa, sau da yawa kuwa mace ce.

Sa'an nan Bulus ya yi maganar rubuta sunayen gwauraye mata waɗanda suka kai shekara 60, ba su kuma da mai taimako. Ashe ikkilisiyar Afisa tana da littafin suna. Ba mamaki da ya ambaci mata. Mace takan fi namiji tsawon rai, sau da yawa kuma mijinta ya girme ta da shekaru, saboda haka zaman takaba na ɗan lokaci ne, amma zaman gwauranci yana iya kai shekara 20. Maigida, ko uwargidanka ta san inda takardar fili take? Ta san wanda kake bi bashi da wanda yake binka? In gidan da kuke ciki na gādo ne, ka yi magana da 'yan'uwanka tun kana da rai, a gaban shaidu, a rubuta, domin kada a fitar da ita bayan kwana arba'in.

Dattawan ikkilisiya da Zumuntar Mata, ku ma kuna da aiki. Ku rubuta sunan duk wanda ya wuce 60 a cikinku, da wanda yake riƙe da shi, da maganin da yake sha kowane wata. Kada ku tsaya ga masu zuwa sujada, gama waɗanda suka fi bukata su ne waɗanda ƙafarsu ta daina kawo su. Ku sa sunan tsohon mai bishara da matarsa a ciki. Da yawansu sun yi shekara 30 suna zaune a gidan ikkilisiya, ana yi musu canji daga ƙauye zuwa ƙauye, ba su sami zaman da za su kafa gona ko su gina ɗaki ba. Ranar sallama akan ba su agogon bango da turmin atamfa, a ba su wata uku su kwashe kaya domin sabon fasto yana zuwa. Kafin ranar ta zo, majalisa ta tambaye shi inda zai koma, in kuwa ba shi da wuri, a sa kuɗin fili da na bulo a cikin kasafin shekara tun da sauran shekara biyar.